Ƙudan Tsando da Tarihin Kudancin Kano



Na san ba za a rasa wanda zai ce, me ya haɗa malamin Hausa da zancen cuta da magani, ga likitoci cike da gari? Hujjata ita ce kalmomi ne suka jawo ni. Tsando, da sammore, da bushiya, da Sannu, da Takalafiya, kowace ɗaya daga cikinsu in ka bi sawunta sai ta kai ka ga wani babi na tarihin ƙasar nan wanda ba a cika karantar da shi a makaranta ba. Tarihin da muka saba ji na sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu. Yau ina so mu duba wani mai iko da bai taɓa naɗa rawani ba, amma ya sa hannu wajen yanke inda mutane za su zauna da inda za a bar wa daji a ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

Duk wanda ya taso daga Kano ya bi hanyar Zariya, ya karya a Kwanar Dangora ya nufi Jos, zai lura da wani abu. Da farko gona ce ke bin gona, ƙauye na hango ƙauye. Bayan an wuce Tudun Wada sai gidaje su fara tazara, kana a faɗa dajin Falgore, a yi tafiya mai nisa ba a ga ko rumbu ba, sai an doshi ƙasar Doguwa da duwatsun Riruwai. Abin mamaki shi ne wannan yanki ya fi arewacin Kano samun ruwan sama, kuma ta nan ne Kogin Kano da ƙoramunsa ke gangarowa. Bisa ga al'ada, inda ruwa yake nan manomi ke tururuwa. To, me ya sa aka cushe a kewayen birni, aka bar kudu shekara da shekaru ba yawan jama'a? Gaskiya ne hukuma ta keɓe Falgore ta hana noma a ciki tun zamanin Turawa, amma ai ba a keɓe wurin da mutane suka riga suka cika. Akwai dalilai na ƙasa da duwatsu, akwai na yaƙi, akwai kuma na ƙuda.

Bari mu fara sanin ƙudan. Tsando ya ɗan ɗara ƙudan gida girma, in ya sauka yakan haɗe fukafukansa ɗaya bisa ɗaya kamar almakashi, kuma macensa da namijinsa ba su da abinci sai jini. Ba ya zuba ƙwai barkatai irin na sauro. Macen takan riƙe tsutsa guda a cikinta har ta ƙosa, ta haife ta a ƙasa mai laushi cikin inuwa, bayan kamar kwana 10 ta sake haifar wata. Saboda haka rayuwarsa duka ta rataya ne a kan inuwa da laima. A ƙasarmu iri biyu ne suka shafe mu. Akwai na dawa, mai bin ɓauna da gwanki da mugun dawa, shi ne babban mai sa wa shanu da dawaki sammore. Akwai kuma na bakin rafi, mai zama cikin kurmi, yana shan jinin kada da guza da duk wanda ya zo mashaya. Wannan na biyun shi ke ɗaukar ƙwayar ciwon barci daga jinin wani mutum ya kai ta jinin wani.

Ciwon barci irin na Afirka ta Yamma ba ya gaggawa. Yakan fara da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, da ciwon kai, da kaluluwa a bayan wuya. Mutum zai iya yin shekara ko biyu yana noma, yana cin kasuwa, alhali duk tsandon da ya cije shi na iya kwasar cutar. Sa'ad da ƙwayar ta kai ga ƙwaƙwalwa sai hali ya sauya: mai haƙuri ya zama mafaɗaci, barci ya ƙaurace masa da dare, ya riƙa kama shi da rana tsaka, har da loma a hannu. Daga nan sai rama, sai mutuwa. Mata kuma sukan yi ta ɓari, haihuwa ta ragu. Ƙauye ba ya watsewa dare ɗaya kamar yadda ake yi in agana ko sanƙarau sun shigo; a hankali yake zubewa, har wata rana a wayi gari sai kufai.

Cutar tsohuwa ce. Ibn Haldun ya ba da labarin Sarkin Mali Mari Jata na biyu, wanda ciwon barci ya kama har ya rasu wajen shekarar 1373. Masu sayen bayi a bakin teku sukan shafa wuyan bawa, in sun ji kaluluwa su fasa ciniki, kuma wani likita Bature mai suna Winterbottom ya rubuta wannan alama a 1803. A nan ƙasar Hausa masu magani na gargajiya sun san alaƙar kaluluwar da ciwon, har sukan tsaga wuya su cire ta. Aikin bai warkar da kowa ba, domin cutar tana cikin jini, amma ya nuna sun lura da abin da ya kamata a lura da shi. Fulani makiyaya kuwa sun fi kowa sanin tsando. Sun san dajin da ba a kai shanu da damina, sun san mashayar da ake ratsawa da dare ko da sanyin asuba, sun san amfanin hayaƙi a garke. Ilmi ne da aka saya da asarar dukiya, kuma ya riga binciken David Bruce, wanda sai a 1895, a ƙasar Zulu, ya tabbatar da cewa tsando ke kai ƙwayar sammore jikin dabba. Ƙwayar da ke kama mutum kuwa a Gambiya aka fara ganinta cikin jini ta madubin likita, a 1901.

Yanzu mu dawo kudancin Kano a ƙarni na 19. Tun wajen 1846, sa'ad da Malam Hamza ya bar Tsakuwa ya shiga duwatsun Ningi, wannan yanki ya zama bakin daga. Zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, hare-haren Ningawa sun addabi kudu ƙwarai, ana kama mutane a gona da kan hanya. Mai rugar daji da mai ƙaramin ƙauye ba su da zaɓi sai su koma cikin ganuwa ko kafi; sunaye irin su Kafin Maiyaki a ƙasar Kiru suna tuna mana irin wannan zama. To, in mutane suka taru wuri guda, gonakin nesa sai su koma saura, saura ta zama daji, namun dawa su dawo, tsando ya biyo su. Shi kuma dajin da tsando ya kama, doki ba ya daɗewa a cikinsa, alhali ƙarfin sarakunan Hausa a kan doki yake. Ka ga ke nan yaƙi ya haifi daji, daji ya haifi ƙuda, ƙudan kuma ya taimaka wajen tsare wanda ya ɓuya a dutse daga mahayan birni.

Ana cikin haka sai wata annoba ta zo daga inda ba a zata ba. A 1887 sojojin Italiya suka shigo da shanu masu bushiya ta tashar Massawa a bakin Bahar Maliya. Cutar ta ratso Sudan da Wadai da Barno, wajen 1890 zuwa 1891 ta iso ƙasar Hausa, ta share garake kusan kakaf. An ce saboda yawan jajen da ake yi wa Fulani ne aka sa wa wannan annoba suna Sannu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne bushiya ba ta tsaya kan shanu ba, ta kashe ɓauna da mugun dawa da gadoji masu yawa, watau abincin tsandon dawa. Sai ƙudan ya ja da baya na wasu shekaru, kana ya dawo da ƙarfinsa bayan namun sun sake yaɗuwa. Bushiyar ma ta yi ta dawowa, har da mummunar ɓarnar 1983 wadda manyanmu a ɗakin nan za su tuna, kafin a bayyana a 2011 cewa an kawar da ita daga duniya.

A nan zan ɗan ratse, domin Bebeji tana da wani labari da ya shafi magani ta wata fuska. A 1826 Clapperton ya bi ta Bebeji a kan hanyarsa ta zuwa Kano, ya same ta babban gari mai ganuwa, cike da fatake. Kafin ya iso, abokan tafiyarsa biyu sun riga sun mutu da zazzaɓi ba da nisa da bakin teku ba, shi ma ya rasu a Sakkwato cikin watan Afrilu na 1827. Ayarin da Ingila ta aiko Kogin Kwara a 1841 ya yi asarar Turawa fiye da 40. Amma a 1854 Dokta Baikie ya shiga Kwara da Binuwai, ya tilasta wa mutanensa shan kwinin kullum, ya fita ba Bature ko ɗaya da ya mutu. Shekara 49 bayan haka, a farkon 1903, rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ran 3 ga Fabrairu ta shiga Kano. Ba na cewa kwinin ne ya ci Bebeji. Igwa ce ta ci ta, kuma akasarin sojojin ma baƙaƙen fata ne. Sai dai hafsoshin da suka ba da odar harbin, da ba don wannan magani mai ɗaci ba, da yawansu ba su kai Zariya da rai ba.

Da zuwan Turawa hare-hare suka ƙare, kuma a nan ne labarin ya juya ta inda hankali bai zata ba. Zaman lafiya ya buɗe ƙofofin ganuwa. Mutane suka fantsama cikin daji suna saran sababbin gonaki, gida biyar nan, gida goma can, kowa yana neman kusa da rafi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya ratsa ta ƙasar Kiru. Kuzar da mutanen Riruwai suka daɗe suna narkarwa da kansu ta koma hannun kamfanoni, lebura ya riƙa zuwa daga ko'ina, yana wanke ƙasa a bakin ƙorama, in ya gama ya koma garinsu da abin da ya kwaso a jininsa. Haraji ya sa matasa cin rani. Duk wata hanya da aka buɗe wa ciniki, an buɗe wa ƙwayar cuta. Daga shekarun 1920 zuwa na 1930 ciwon barci ya zama annoba a arewacin Zazzau da kudancin Kano da ƙasar Katagum. Wani masani mai suna John Ford ya yi dogon bayani a littafinsa na 1971 cewa mulkin mallaka ne ya rushe daidaiton da ke tsakanin mutum da dabba da daji, sa'an nan ya dawo yana yaƙi da abin da ya tayar. Ina ganin akwai ƙamshin gaskiya mai yawa a maganarsa, ko da yake bai kamata mu mai da zamanin hare-hare wani zamanin jin daɗi ba.

Me ya sa cutar ta fi tsanani a irin ƙasarmu, inda tsando bai kai na kurmin kudu yawa ba? Wanda ya warware wannan shi ne Dokta T. A. M. Nash, masanin ƙwari da ya yi shekaru yana bincike a Gadau. Ya nuna cewa a nan arewa, in bazara ta yi zafi rafuka suka ƙafe, tsando ba shi da mafaka sai 'yan gurbin ruwan da suka rage cikin inuwa. Nan ne kuma mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka, matafiya ke hutawa. Ƙuda goma da ke cizon mutanen ƙauye ɗaya kullum sun fi dubu da ke cikin dawa suna cizon gada haɗari. Ashe ba yawan ƙudan ne abin tsoro ba, kusancinsa ne.

Hukuma ta ɓullo wa abin ta hanya biyu. Ta farko ita ce allura. Daga farkon shekarun 1930, bisa koyi da aikin Dokta Jamot a Kamaru, ƙungiyoyin ma'aikata suka riƙa bin gunduma gunduma. Hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya tara jama'a, a jera su, malamin asibiti ya bi yana shafa wuya, wanda aka ji wa kaluluwa a tsotsi ruwanta a duba. Cikin shekara goma an duba miliyoyin mutane a Jihar Arewa, an sami dubban ɗaruruwa da cutar. Magungunan lokacin masu ƙarfi ne, wasunsu daga gubar arsanik aka haɗa su, sukan taɓa ido har wani ya makance. Wanda ya zo a 1949, mai suna melarsoprol, yana warkar da wanda cutar ta kai wa ƙwaƙwalwa, amma yakan kashe kimanin mutum 5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa. In mun ji cewa kakanninmu sun gudu daji da jin zuwan masu allura, kada mu yi saurin kiransu jahilai. Sun ga wanda ya tafi da ƙafarsa aka dawo da shi a makara, kuma waɗanda ke tara su domin allura su ne dai masu tara su domin haraji, da ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a shekarun 1942 zuwa 1944.

Hanya ta biyu ta fi ban sha'awa, kuma a maƙwabtanmu aka gwada ta, a Anchau ta ƙasar Zazzau, wadda ba ta da nisa da iyakar Tudun Wada. Binciken da aka yi can ya nuna a wasu ƙauyuka mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da cutar. A 1937 aka fara wani shiri wanda Nash ya zama jigonsa. Aka shata wani zirin ƙasa mai tsawon kamar mil 70, faɗin murabba'in mil 700, aka sassare kurmin rafukansa. Ba duk itace ake sarewa ba, sai ƙananan da sarƙaƙiyar da ke ba ƙuda inuwa. Lissafinsu shi ne sai an sami kamar mutum 70 a kowane murabba'in mil kafin jama'a su iya riƙe rafukansu a share kowace shekara, don haka aka taso mutane wajen 5,000 daga ƙananan ƙauyuka aka tara su a sababbi. Aka gina rijiyoyin siminti, aka fitar da tituna masu faɗi, aka yi kasuwa da mahauta, aka rage cunkoson tsohon garin Anchau ta hanyar kafa sabon gari kusa da shi. Sunan da aka ba sabon garin shi ne Takalafiya. A nan malamin Hausa dole ya sara wa wanda ya raɗa sunan.

Shirin ya ci nasara ta fuskar cuta, wannan ba gardama. Amma a ƙarshen shekarun 1950 wani masanin halayyar jama'a daga Amurka, Horace Miner, ya je ya zauna a Anchau, ya tambayi mutane dalilin saran rafi. Ya tarar da yawansu suna yi ne don hukuma ta ce a yi, ba don sun yarda cewa ƙuda ke kawo ciwon ba, kuma inda ido ya ɗauke, sara ya tsaya. Wasu kurmin ma tun farko an ƙi taɓa su sai da tilas, domin ana ganin mazaunin iskoki ne. Na karanta wannan rahoto a wani ɗakin karatu sa'ad da nake ƙasar waje, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne shekara 20 ana ba mutane umurni da Hausa, amma bayanin bai shiga ba. Ga mutanen da suka san tsando na kashe saniya, suka san kaluluwa alamar ciwon barci ce. Tsakanin abin da suka sani da abin da ake so su sani taki ɗaya ne. Sai dai an fi dogara ga dogarin hakimi bisa ga zama a yi magana. Ma'aikatan da ke cikinmu sun san wannan hali bai mutu tare da En'e ba. Mun ga ɗan'uwansa a 2003, sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Jihar Kano saboda rashin yarda, aka ɗauki shekaru ana lallashi kafin a ga na ƙarshe da ƙwayar daji ta kama a jihar, a ƙasar Sumaila, a 2014.

Abin da ya kori tsando daga yawancin kudancin Kano daga baya haɗin gwiwa ne. A 1947 aka kafa cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta Afirka ta Yamma, mai mazauni a Kaduna da Vom. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka shiga feshin DDT da dieldrin a maɓoyar ƙudan, har zuwa ƙarshen shekarun 1970 an kwato ƙasa kimanin murabba'in kilomita 200,000 a Arewa. Farin 1972 zuwa 1974 ya busar da kurmi da yawa. Sai kuma babban dalili, wanda ba ofishin da ya tsara shi: jama'a ta ƙaru, gatari da garma suka cinye inuwar. Lissafin Nash na mutum 70 ya cika da kansa, har ya yi ninki. Yau masarar Doguwa da Tudun Wada ake lodawa a manyan motoci daga wuraren da a da ba a kwana da doki. A duniya baki ɗaya, tun 2018 masu kamuwa da ciwon barci da ake samu a shekara ba su kai 1,000 ba, kuma an sami maganin haɗiya mai suna fexinidazole. Sammore dai bai rabu da makiyaya ba tukuna.

Kada a ɗauka ruwa ya daina yi mana sharaɗi. A ƙoramu masu gudu na wajen Doguwa akwai wani ɗan mitsitsin baƙin ƙuda mai sa tsutsar da ke kawo ƙaiƙayi da makanta, wanda shi ma ya taimaka wajen nisanta mutane daga bakin kogi, sai da aka fara raba ƙwayar Mectizan kyauta bayan 1987 aka sami sauƙinsa. Madatsar ruwa ta Tiga kuwa, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, a ƙasar Bebeji, ta kawo noman rani da kifi da arziki mai yawa, ta kuma shimfiɗa ruwa kwance da magudanai, inda dodon koɗin da ke renon tsargiya yake jin daɗin zama. Yaron da ke fitsarin jini a ƙauyen da ke bakin kanal, wani babi ne na wannan tarihi da ake kan rubutawa.

Ga ɗalibanmu ina da roƙo guda. Shekarun baya na zauna da wani dattijo a wani ƙauye kudu da Tudun Wada, na ga tabo a bayan wuyansa, na tambaye shi. Ya ce yana yaro aka tsaga shi, daga baya kuma masu allura suka zo aka jera su a gindin wata tsamiya. Ya lissafa mini kufai huɗu a bakin rafinsu, da sunayensu, da inda mutanen kowanne suka koma. Ko ɗaya daga cikin sunayen nan ban gani a taswira ba. Da na koma bayan shekara biyu da na'urar ɗaukar magana, sai na tarar an yi sadakar arba'in ɗinsa. Waɗanda suka ga wannan zamani da idonsu duk sun haura shekara 80. Wanda zai rubuta kundin digirinsa daga Bebeji, ko Kiru, ko Tudun Wada, ko Doguwa, ya je da hutun nan ya tambayi sunayen kufai da na mashaya, da sunan da ake kiran kowace annoba da shi a garinsu, da shekarar wane hakimi ta faɗo, ya rubuta yadda aka faɗa masa, ya kawo mana sashe.

Shugaba, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi.